Ina Iyakar Ikon Shugaban Ƙasa a Najeriya? Tambayoyi da Amsoshi

Wane aiki kundin tsarin mulki ya ɗora masa?

Sashe na 130 na kundin 1999 ya ba shi matsayi uku: shugaban ƙasa, shugaban ɓangaren zartarwa, da babban kwamandan askarawan Najeriya. Sashe na 5 ya ce aikinsa shi ne aiwatar da kundin da dokokin da Majalisar Tarayya ta yi. Shi ke zaɓen ministoci, amma sai Majalisar Dattawa ta tantance su, kuma dole kowace jiha ta sami aƙalla minista ɗaya. Gyaran da aka yi a 2023 ya ba shi kwana 60 daga ranar rantsuwa ya miƙa sunayensu.

Zai iya yin doka ko kashe kuɗi shi kaɗai?

A'a. Idan majalisun biyu, ta Dattawa da ta Wakilai, suka amince da ƙuduri, yana da kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kowace majalisa na iya sake amincewa da shi da rinjayen biyu bisa uku, nan take ya zama doka. Haka aka yi wa Olusegun Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

Batun kuɗi ya fi tsauri. Shi ke gabatar da kasafi, amma ba a cire ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da izinin doka. Idan shekara ta shiga ba a kammala kasafi ba, sashe na 82 ya yarje masa ya ci gaba da kashewa na wata shida kawai, gwargwadon abin da aka ware a bara. Rabon da doka ta yanka wa wasu kuma ba shi da hurumin riƙewa: a 2004 Kotun Ƙoli ta ce Obasanjo ba shi da ikon hana kuɗin ƙananan hukumomin Legas.

Tunda shi ne babban kwamanda, ba zai iya tura soja yaƙi ba?

Ayyana yaƙi da wata ƙasa sai da amincewar majalisun biyu a zaman haɗin gwiwa. Tura soja faɗa a ƙetare kuma sai Majalisar Dattawa ta yarda tukuna. Kafa ɗaya aka bar masa: idan barazana ta taso gab da afka wa ƙasa, yana iya tura su na ɗan taƙaitaccen aiki bayan ya shawarci majalisar tsaron ƙasa, amma ya nemi yardar sanatoci cikin kwana 7 da fara faɗan, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14.

An ga amfanin wannan shinge bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. Bola Tinubu, wanda yake shugaban ECOWAS a lokacin, ya rubuta wa Majalisar Dattawa kan yiwuwar ɗaukar matakin soja, ita kuwa ta ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma dangi ne a kowane ɓangare.

Yana da ikon cire gwamna?

Tsige gwamna aikin majalisar dokokin jiha ne, a ƙarƙashin sashe na 188. Inda gardama ke tasowa shi ne dokar ta-ɓaci. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa damar ayyana ta, da sharaɗin kowace majalisa ta amince da biyu bisa uku na dukkan mambobinta cikin kwana 2 idan suna zama, ko kwana 10 idan suna hutu. Tana ƙarewa bayan wata shida sai in an sabunta. Sashen bai ambaci dakatar da gwamna a fili ba, shi ya sa shugabanni suka bambanta: an dakatar da Joshua Dariye a Filato a 2004, Goodluck Jonathan ya bar gwamnonin Borno, Yobe da Adamawa a kujerunsu a 2013, sannan aka dakatar da Siminalayi Fubara a Ribas a Maris 2025. A na Ribas ɗin da murya aka kaɗa ƙuri'a, abin da bai kamata a saba da shi ba. Biyu bisa uku na nufin sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, kuma ba a ƙirga kawuna da amon murya.

Su wa ba zai iya kora yadda ya ga dama ba?

Mataimakinsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a rikicin Obasanjo da Atiku Abubakar a 2007. Alƙalin Alƙalai da shugaban hukumar zaɓe ma sai da goyon bayan biyu bisa uku na sanatoci. Minista kuwa ana iya sallamarsa a yini guda.

Idan ya kwanta ciwo ko ya yi tafiya fa?

Sashe na 145 ya ce ya aika wa shugabannin majalisun biyu wasiƙa, mataimakinsa ya zama muƙaddashi. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamba 2009 ba wasiƙa, ƙasa ta zauna cikin ruɗani har 9 ga Fabrairu, 2010, ranar da majalisa ta ayyana Jonathan muƙaddashi. Bayan nan aka toshe giɓin: in kwana 21 suka wuce ba wasiƙa, majalisa ce za ta ba mataimaki riƙo da ƙaramin rinjaye.

Ta yaya ake tsige shi, alhali yana da rigar kariya?

Sashe na 308 ya hana a gurfanar da shi a kotu yana kan mulki, bai hana tsigewa ba. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargin aikata babban laifi. Cikin kwana 14 kowace majalisa ta amince a bincika, da biyu bisa uku. Alƙalin Alƙalai ya naɗa mutum bakwai waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, su kawo rahoto cikin wata uku. In sun ce ba hujja, magana ta mutu. In sun tabbatar, sai an sake samun biyu bisa uku a kowace majalisa. Ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Najeriya ta wannan hanya ba.

Wa'adi nawa zai yi?

Biyu, na shekara huɗu-huɗu. Wanda ya ƙarasa wa'adin wani kuwa, tun gyaran 2018, sau ɗaya kawai za a iya zaɓensa. Sauya wannan sai da biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da yardar majalisun jihohi 24. Yunƙurin tazarce na 2006 bai ma fita daga Majalisar Dattawa ba.