2,147,483,647

2,147,483,647 lamba ce daga jinsin lambobin da ba sa rabuwa, wato babu wata lamba da ke shiga cikinta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Ɗaliban da suka yi lissafi da Larabci a makarantun Sudan sun san irin wannan da sunan adad awwali. Ana samun ta ne idan aka jera 2 sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1.

Ga yadda za a gane girmanta. A ce manomi a Mai Wurno ya ajiye ƙwayar dawa ɗaya ran 1 ga wata, kashegari biyu, ran uku ga wata huɗu, kullum yana ninka ta jiya. Idan watan ya yi kwana 31, jimillar ƙwayoyin da ya tara ita ce wannan lamba, ba ƙari ba ragi.

Masana suna sanya ta cikin lambobin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya ce ba ta rabuwa tun 1644, amma bai kawo hujja ba. Ita ce ta takwas a jerin, wato lambobin da ba sa rabuwa waɗanda ake samu ta hanyar ninka 2 da kanta sau da dama a cire 1, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Wani abin sha'awa, ita kanta 31 ɗin tana cikin jerin, don haka ake kiranta Mersenne mai ninki biyu. Irin waɗannan huɗu kacal aka sani.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya kawo hujjar a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya, kuma aikin ya cancanci yabo. Bai zauna gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san in akwai mai raba ta, to akwai wadda ba ta wuce 46,340 ba. Sai ya nuna cewa dole mai rabawar ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248. Da wannan dabara dubban lambobi suka zube, 'yan ɗaruruwa suka rage, ya bi su bai samu ko ɗaya ba. Idan aka ninka 2,147,483,647 da 1,073,741,824, ana samun 2,305,843,008,139,952,128, ta takwas a cikin cikakkun lambobi, wato waɗanda in aka tara duk masu raba su, ban da su kansu, jimillar ke ba da lambar daidai.

A yau masu aikin kwamfuta sun fi kowa saninta, domin ita ce iyakar abin da ma'ajiya mai gurbi 32, kowane gurbi 0 ko 1, ke iya ɗauka idan aka ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgen zai kai wannan lamba ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 5:14 na asuba agogon Khartum, 6:14 agogon Makka. Na'urar da ba a gyara ba, da ƙarin daƙiƙa ɗaya agogonta zai koma Disambar 1901.