Kafin ka dasa itace a lambu, duba inda ruwa yake kwanciya

Yawancin dashen da ke mutuwa a lambu ba rashin ban ruwa ke kashe shi ba. An dasa shi ne inda ba mazauninsa ba. Itacen tudu da aka kai fadama, saiwarsa ruɓewa take yi in ruwa ya kwanta mata na makonni. Na fadama kuma da aka kai jigawa, rani ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa muke cewa jama'a su fara da tsirran da suka saba fitowa da kansu a yankin, domin sun riga sun san fari da ambaliya da gara.

Abu na farko, a gwada ƙasa. Haƙa rami mai zurfin santimita 50, ka cika shi da ruwa da yamma. In da safe ruwan ya tsotse, ƙasar tana shanye ruwa, itatuwan tudu za su zauna. In har yana nan, laka ce mai riƙe ruwa. Sannan ka zaga dajin da ke kusa, ka ga abin da ya tsiro ba wanda ya shuka shi. Wannan ya fi duk shawarar mai sayar da dashe.

A tudu da jigawa, gawo ne kan gaba. Yana zubar da ganye da damina, ya fitar da sabon ganye da rani, don haka ba ya tare wa shukar damina rana lokacin da take bukatarta, kuma ganyen da ya zuba taki ne. Aduwa da magarya da kurna suna jure fari, ƙayarsu kuma na yin shinge mai rai. Tsamiya da ɗorawa da kaɗanya suna son ƙasa mai zurfi, amma sai an yi haƙuri: kaɗanya kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Kuka da maɗaci manya ne, a ba su aƙalla mita 10 daga katanga ko rijiya.

Bakin kogi ya fi wuya, domin ba ƙasa ɗaya ba ce. A raba shi uku gwargwadon yadda ruwa ke hawa. Gaɓar da ruwa ke ci kowace shekara, ciyawa ta fi dacewa da ita, musamman jema. Saiwarta na nutsawa mita 2 ko fiye kai tsaye, ta ɗaure ƙasa. A ɓalle kututturen gida-gida, a datse ganye ya rage kamar santimita 20, a jera a layi da tazarar santimita 10 zuwa 15, layin yana gicciye da gangara. In tazarar ta yi faɗi, ruwa zai bi ta tsakani ya tona kwazazzabo, aikin ya tashi a banza. Sama da nan, inda ruwa ke kwanciya na wasu makonni, giyayya da bagaruwa suna jurewa. Can sama kuma, inda ƙasa ke da danshi amma ambaliya ba ta cika kaiwa ba, a sa kanya, ɗinya, ɓaure da giginya.

Lokacin dashe ma ya bambanta. A tudu, sai damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe sosai. A fadama kuwa a jira ruwa ya janye, don ƙaramin dashe ba ya jure nutsewa.

Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsu na da tauri. A zuba musu ruwan zafi da aka sauke daga wuta, a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefe ɗaya. Irin kaɗanya ba ya ajiyuwa, a shuka shi da ɗanyensa. Giginya a binne ƙwallonta inda ake so ta zauna, ba ta son ciro. Kada gawo ya wuce wata 4 a leda, saiwar za ta nannaɗe, itacen ya tsumbure. Taki sai wanda ya ruɓe. Ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A kewaye kowane dashe da ƙaya har ya fi ƙarfin awaki.

Wanda yake da kututturen kalgo ko sabara ko marke a filinsa, ya riga ya samu rabin aiki. Ya zaɓi tofo 2 zuwa 5 masu ƙarfi, ya sare sauran. Tsohuwar saiwa na ƙasa, don haka sun fi sabon dashe saurin girma.

A guji sa itacen turare kusa da rijiya ko ƙaramin rafi. Asalinsa Ostireliya ne, kuma yana shan ruwa sosai. Kada a kawo kachala ko kainuwa cikin tafkin lambu don ado, suna toshe hanyar ruwa, kuma cire su aiki ne ja. Gamba na da kyau a gefen lambun tudu, amma a yanke ta da zarar ta bushe, a share fili mai faɗin mita 3 a kewaye saboda gobarar daji.