Waiwaye: Abin da ya sa tofido ke ƙin fashewa a wasan jirgin ƙarƙashin teku

Ranar wata Asabar bayan la'asar ƙanena ya shigo shagona da ke kusa da kasuwar Wunti, laftof a hammata, fuska a murtuke. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, don Allah duba min na'urar nan, ina jin gem ɗin ne ya lalace." Silent Hunter 4 yake bugawa, wasan da Ubisoft ya fitar a 2007, inda mutum ke zama kwamandan jirgin yaƙin Amurka mai nitso a Tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ce kusan awa biyu ya yi yana bin wani jirgin dakon kaya na Japan, ya auna nisa, ya auna gudu, ya harba tofido huɗu, wato makamin da ke tafiya a cikin ruwa ya fashe a jikin jirgi. Biyu sun wuce ta ƙarƙashin jirgin. Biyu kuma da kunnensa ya ji sun daki ƙarfe, ƙwam, sai shiru. Ga ba wuta, batir ɗin laftof ya kusa ƙarewa, ga jirgin rakiya ya juyo kansa.

Na buɗe saitin wasan na nuna masa wurin da aka kunna zaɓin tofido maras fashewa. Na ce masa laftof ɗinsa lafiya lau take. Da gangan masu wasan suka saka wannan, domin haka abin ya faru da mutane na gaske. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Gubi, labarin yana iya yi mana nisa, amma duk mai sana'ar gyara zai gane shi tun daga farkonsa.

Makamin da ake magana sunansa Mark 14. An ƙera shi a shekarun 1930 a tashar tofido ta Newport da ke jihar Rhode Island, ƙarƙashin hukumar makaman sojin ruwan Amurka. Tsawonsa ya ɗan haura ƙafa 20, yana gudun kusan kilomita 85 a awa, kuma kowane ɗaya ya kai dala 10,000. A lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, sai hukumar ta ga asara ce a fasa makami mai wannan tsada don gwaji kawai. Aka riƙa gwada shi da kan da ba bam a ciki, a harba, a tsamo, a goge, a mayar rumbu. Har aka shiga yaƙi a Disambar 1941 ba a taɓa harba Mark 14 da bam na gaske a kan jirgi na gaske ba.

Akwai kuma wata na'ura a kansa mai suna Mark 6, wadda aka ɗora wa buri mai yawa. Aikinta ta ji maganaɗisun ƙarfen jirgi ta tayar da bam a daidai ƙarƙashinsa, inda ba sulke, jirgin ya karye gida biyu. An yi mata gwajin fashewa a 1926 a kan wani tsohon jirgi mai nitso, daga nan aka lulluɓe ta da sirri, har littafin bayaninta aka kulle a akwatin ƙarfe. Waɗanda za su yi yaƙi da ita ba su san cikinta ba.

Tun watan farko na yaƙin koke ya fara. Kwamandan jirgin Sargo, Tyrrell Jacobs, ya yi ta harbi a Disambar 1941 bai nutsar da ko jirgi ɗaya ba, ya dawo ya ce makamin na nitsewa fiye da yadda aka saita shi. Amsar ofis ita ce kwamandoji ne ba su iya saiti ba, ko ma'aikatansu ba sa kula da makamin. Wannan amsa ita ce ta fi ci min rai a duk labarin. Mutum ya kai kansa bakin mutuwa, ya dawo ya faɗi abin da idonsa ya gani, wanda ke zaune a ofis nesa da fagen daga ya ce masa hannunsa ne ke rawa. Ga kuma ƙarancin makamin, domin harin da Japan ta kai sansanin Cavite a Filifin ranar 10 ga Disamba ya lalata tofido 233, har aka riƙa umartar kwamandoji su yi tsimi.

Sai da Admiral Charles Lockwood ya karɓi ragamar jiragen Amurka masu nitso da ke yammacin Ostareliya aka yi abin da ya kamata a yi tun shekaru goma baya, kuma da kayan masunta aka yi shi. A watan Yunin 1942 ya sa aka shimfiɗa ragar kamun kifi a ruwan Frenchman Bay kusa da garin Albany, jirgin Skipjack ya harba mata tofidon da aka saita a zurfin ƙafa 10. Da aka jawo ragar, sai ga huda a ƙafa 25. Aka maimaita, aka ga a matsakaici yana ƙara zurfin kusan ƙafa 11. Dalili biyu ne: kan gwaji ya fi kan bam sauƙin nauyi, sannan an sa ƙofar ma'aunin zurfi can wajen wutsiya, inda gudun ruwa ke rage matsi, sai makamin ya ɗauka yana sama-sama ya ƙara nutsawa. Hukumar ba ta amsa laifin ba sai a watan Agusta.

A nan ne labarin ya zama irin wanda nake gani kullum a kan teburina. Ka canza wa kwamfuta caja, sai ka gano batir ma ya mutu, ka canza batir, sai ka tarar fanka ba ta juyawa. Ciwo ɗaya yana ɓoye wani. Da aka gyara zurfi, tofido ya fara zuwa kusa da jirgi, sai na'urar maganaɗisu ta fara tayar da bam kafin a isa. Maganaɗisun ƙasa ba ɗaya yake a ko'ina ba: yadda yake a Newport daban, yadda yake kusa da tsakiyar duniya, inda ake yaƙin, daban. Daga madubin leƙe kwamanda zai ga ruwa ya tashi sama ya ɗauka ya samu, alhali ya sanar da abokan gaba inda yake ne kawai. Ranar 24 ga Yunin 1943 Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan sojin ruwan Amurka a Fasifik, ya ba da umarnin a kashe na'urar a jiragen da ke ƙarƙashinsa. Ralph Christie, wanda da hannunsa aka ƙirƙiro ta kuma a lokacin yake jagorantar jiragen da ke Fremantle a Ostareliya, ya ci gaba da amfani da ita wasu watanni, sai da aka umarce shi daga sama.

Wata guda cif bayan umarnin Nimitz ciwo na uku ya fito fili. Ranar 24 ga Yulin 1943 jirgin Tinosa, ƙarƙashin Lawrence Daspit, ya gamu da Tonan Maru mai lamba 3, ƙaton jirgin Japan mai nauyin tan 19,000 da ke dakon mai. Biyu daga cikin tofidon farko, waɗanda suka same shi a karkace, sun fashe suka tsayar da shi cak. Daspit ya zagayo ya daidaita sosai da gefen jirgin, ga abin hari a tsaye ba ya motsi, ya riƙa harbawa ɗaya bayan ɗaya. Tara a jere suka daki jirgin ba wanda ya tashi. Cikin 15 da ya harba biyu kacal suka yi aiki. Ya riƙe na ƙarshe ya koma da shi sansanin Pearl Harbor da ke Hawai don a buɗe a gani.

Lockwood, wanda a lokacin ya koma Hawai, ya sa jirgin Muskallunge ya harbi wani dutse a tsibirin Kahoolawe a ƙarshen Agusta. Na uku ya ƙi fashewa, mai nutso ya shiga ruwa aka tsamo shi da bam ɗinsa a ɗane. Sannan aka riƙa sako kawunan tofido daga injin ɗaga kaya, tsayin ƙafa 90, a kan faifan ƙarfe. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka faɗo a miƙe ba su tashi ba. 'Yar allurar da ke buga harsashin tayar da bam an tsara ta ne don tsohon makami maras gudu sosai. A gudun Mark 14 ƙarfin karon yana lanƙwasa hanyarta ta maƙale kafin ta isa. Wato wanda ya fi iya saiti shi ya fi shan asara. Maganin kuwa allura ce maras nauyi da aka sassaƙa a sansanin Pearl Harbor. A Satumbar 1943 gyararrun suka fara fita, wata 21 bayan fara yaƙi.

Jamus ma ta sha irin wannan, ta ma riga Amurka. Ranar 14 ga Satumbar 1939 jirginta mai nitso U-39 ya harbi jirgin yaƙin Ingila Ark Royal, tofidon suka fashe a hanya, jiragen rakiya suka nutsar da U-39. A yaƙin Norwe na Afrilun 1940 abin ya yi muni har kwamanda Günther Prien, wanda ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila Royal Oak, ya kai ƙara cewa bindigar wasa aka ba shi. Mai buga Silent Hunter III na 2005 wannan zamanin yake tarar da shi a farkon wasa. Zaɓin tofido maras fashewa kuwa ya daɗe a irin waɗannan wasanni, tun Silent Service na kamfanin MicroProse a 1985 yana nan.

Don haka dabarun da na koya wa ƙanena ba nawa ba ne, na kwamandojin 1942 da 1943 ne. Idan shekarar wasanka ba ta wuce 1943 ba, rage zurfin da kake saitawa sosai. Kashe maganaɗisu ka bar fashewar karo. Kada ka nemi dukan da ya miƙe sak da gefen jirgi, bar shi ya ɗan karkace, haka Lockwood ya umarci mutanensa kafin a gama gyara. Idan nisa ya ba da dama, zaɓi ƙaramin gudu, kusan kilomita 58 a awa, karon ya yi sauƙi. Harba fiye da ɗaya, kuma tun kafin ka harba ka san ta inda za ka gudu. Ka kuma saurari ƙarar makaminka bayan ya fita, don wani yakan yi gewaye ya dawo kan mai shi. Haka jirgin Tullibee ya nutse a Maris na 1944, mutum ɗaya ne ya tsira, haka kuma jirgin Tang a Oktoban shekarar da wani samfurin, Mark 18, mutum tara suka rayu.

Ya tambaye ni, "To Yaya, ba gara in kashe saitin kawai ba?" Na ce laftof ɗinsa ce, wasansa ne, amma ni ba na kashewa. Idan kowane harbi yana tashi, wasan ya zama harbin gwangwani, kuma an share abin da mutanen nan suka sha na wata 21 suna faɗa ba a jin su. Ya yi shiru, ya jona caja a soket ɗin shagon, ya bar saitin yadda yake. A wasansa yanzu yana cikin Maris na 1942, a lissafin tarihi saura wata 18 kafin sabuwar allura ta iso.