Jakar Goyo ta Tafiyar Yini

Jakar goyo ta tafiyar yini jaka ce ƙarama ko matsakaiciya mai marataya biyu, wadda ake goyawa a baya domin ɗaukar ruwa da guzuri da sauran kayan buƙata a tattakin da ake fita da safe a dawo kafin dare, kamar hawan dutse ko zagayen daji. Da lita ake auna girmanta, wato yawan abin da cikinta zai ci, kuma yawancin masu ƙera ta suna tsayar da ita tsakanin lita 10 zuwa 35. Abin da ya haura haka ya shiga sahun jakunkunan tafiyar kwana, waɗanda ake cusa wa tanti da bargo da tukunya. A ƙasa mai zafi irin Jihar Kaduna, yawan ruwan da mutum zai sha shi ne ya fi kome yanke hukunci a kan girman da ya dace, sannan tsawon bayan mai goyon ya biyo.

Tarihi

Ɗaukar kaya a baya tsohon abu ne, sai dai ba kowace al'umma ce ta bi wannan hanya ba. A ƙasar Hausa kai ne mazaunin kaya: a naɗe gammo a ɗora, abin da ya fi ƙarfin kai kuma a laɓta wa jaki a cikin mangala ko taiki, baya kuwa na goyon yaro ne. Ƙananan jakunkuna ana rataya su ne a kafaɗa ɗaya, kamar burgamin maharbi na fatar akuya, da gafakar da malami da almajiri ke adana Alƙur'ani, da zabirar wanzami. Fatake suna zuba ruwan tafiya a salka, makiyayi kuma yana rataya gorarsa a jikin sanda. Matan Gbagyi, waɗanda ƙabilarsu ke cikin tsofaffin mazauna yankin da birnin Kaduna yake, sun shahara da ɗora kaya a kafaɗa maimakon kai, kuma har yanzu ana ganin haka a ƙauyukansu. Jaka mai marataya biyu ta yaɗu a Arewa ne daga baya, ta hannun soja da 'yan makaranta.

Mafi daɗewar abin da ake dangantawa da jakar goyo an same shi ne tare da gawar mutumin nan da ake kira Ötzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙara a watan Satumban 1991 a tsaunukan da ke kan iyakar Italiya da Ostiriya. Mutumin ya rayu wajen shekara ta 3300 kafin Miladiyya. A cikin kayansa akwai wata sanda da aka lanƙwasa ta yi baka, da allunan katako biyu, kuma akasarin masana suna ganin ƙwarangwal ɗin jakar goyo ne. Wasu ƙalilan sun ce abin tafiya ne a kan dusar ƙanƙara.

Siffar da aka sani a yau ta taru ne sannu a hankali. A 1878 wani hafsan sojan Amurka, Henry Merriam, ya yi rajistar wata jaka mai ƙarfe da sanduna biyu da ke sauke wani ɓangare na nauyi a ƙugu, amma ba ta karɓu sosai a wurin sojojin ba. A 1908 Ole Bergan, ɗan ƙasar Norwe, ya dawo daga farauta kafaɗunsa duk sun yi tsami, sai ya lanƙwasa reshen itace daidai da bayansa ya rataya jakar a kai. Daga baya ya maye gurbin itacen da siririn bututun ƙarfe, ya yi rajistar ƙirar a 1909. Ana danganta sanya wa jakar goyo zif ga Gerry Cunningham na Jihar Kolorado a wajen 1938, domin mai hawan dutse ya iya ciro abu ba tare da kwance igiya ba. A 1952 Dick Kelty ya fara haɗa jakunkuna masu firam, wato ƙwarangwal, na alminiyam a gidansa da ke Kalifoniya, matarsa tana ɗinkin, kuma jakunkunansa ne suka yaɗa ɗamarar ƙugu a tsakanin matafiya. A 1967 Greg Lowe ya mayar da firam ɗin zuwa cikin jaka, abin da ya sa kaya suka riƙa mannewa a jiki maimakon su riƙa reto, kuma kusan duk jakar hawan dutse ta yau daga wannan ƙira ta samo asali.

Ƙaramar jakar yini kuwa ta fantsama duniya ne ta wata ƙofar dabam. Kamfanin JanSport, wanda aka kafa a birnin Siyatil a 1967, yana yin jakunkunan nailan domin masu yawon tsauni, sai ɗaliban Jami'ar Washinton suka fara sayensu wajen farkon shekarun 1970 don kare littattafansu daga ruwan sama. Daga nan jakar tsauni ta zama jakar makaranta, kuma wannan shi ya sa har yau mutane da yawa ba sa bambanta su. Jaka mai ledar ruwa da siririn tiyo da ake zuƙa ana tafiya ta fito ne a ƙarshen shekarun 1980, bayan da wani mai aikin agajin gaggawa a Jihar Tekzas ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti ya goya a lokacin tseren keke. Daga nan aka sami kamfanin CamelBak.

Yadda ake auna girma

Lita ɗaya daidai take da santimita kiyubik dubu, wato cikin akwati mai santimita goma a tsayi da faɗi da zurfi, saboda haka wanda ke riƙe da jakar da ba a rubuta girmanta ba yana iya auna tsayi da faɗi da zurfi da santimita, ya ninka su, ya raba da 1,000. Jaka mai tsayin 48 da faɗin 28 da zurfin 20 za ta ba da kusan lita 27 a lissafi, amma a zahiri ba ta kai ba, tun da kusurwoyinta a lanƙwashe suke. Manyan kamfanoni suna cika jaka da ƙananan ƙwallayen roba sannan su juye su a cikin ma'auni. Ba a daidaita ba a kan ko aljihunan raga na gefe suna cikin lissafi, shi ya sa jaka biyu masu lamba ɗaya kan bambanta. Tsofaffin jakunkunan Amurka suna ɗauke da lamba ta inci kiyubik, inda kusan 61 ke daidai da lita ɗaya. Mai son ya kwatanta a ido ya tuna da jarkar 'yan garuwa mai cin lita 25: matsakaiciyar jakar yini kusan cikinsu ɗaya.

Rabe-raben girma

Jakar da ba ta kai lita 10 ba ta 'yan gudu ce da 'yan keke, ba ta cin fiye da ruwa da waya da ɗan abin taɓawa. Daga lita 10 zuwa 20 ta isa tafiyar awa biyu ko uku a wurin da aka sani, kamar fita bayan sallar asuba a hau dutse a sauko kafin rana ta take. Daga lita 20 zuwa 30 nan ne akasarin masu tafiyar yini suke tsayawa, domin tana ɗaukar ruwa lita uku ko huɗu da abincin rana da rigar ruwa da akwatin agajin farko da tocila, har wuri ya ragu. Daga 30 zuwa 35 ta jagoran ayari ce, ko uban da ke ɗauke da kayan 'ya'yansa, ko mai ɗaukar hoto. Sayen babbar jaka don gudun kada wuri ya kasa kuskure ne da ya zama ruwan dare, domin wurin da ya ragu ba ya zama haka nan, sai an sami abin da aka cusa masa, idan kuma an bar shi kayan suna kai-kawo a ciki suna jan mutum baya a kan gangare.

Ruwa da yanayin Kaduna

Yawancin jakunkunan da ke shigowa an ƙera su ne domin ƙasashen sanyi, inda tufafi masu kauri ke cinye wuri, ruwa kuma ana iya samunsa a ƙorama. A nan lamarin ya juya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce rabin lita a kowace awa ta tafiya idan yanayi na da sauƙi, a zafi kuma abin yana iya kai wa lita guda. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Kaduna kan haura digiri 35, kuma falalen dutse ya ɗau zafi tun hantsi, tafiyar awa shida tana buƙatar lita huɗu zuwa shida. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka ruwa kaɗai yana iya zama mafi yawan kayan. Musulmin da azahar da la'asar za su riska a hanya yana ƙara lissafin ruwan alwala da 'yar sallaya mai naɗuwa, ko da yake shari'a ta halatta taimama ga wanda ruwansa bai wuce na sha ba. A wannan lokaci abin dubawa a jaka shi ne ƙarfin ɗinkinta da zurfin aljihunan gefe, waɗanda ya kamata su riƙe gorar roba mai lita ɗaya da rabi ba tare da ta zame ba idan an sunkuya.

Da damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, buƙatar ruwa tana raguwa amma rigar ruwa da tufafin canji suna shigowa. Yadin nailan yana tare yayyafi, amma ruwan Agusta yana shiga ta zif da layin ɗinki, saboda haka ake shimfiɗa babbar leda a ciki kafin a zuba kaya, dabarar da ta fi murfin da ake lulluɓe jaka da shi daga waje arha kuma ba ta gaza shi ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ana fita da rigar sanyi saboda sanyin asuba, ƙarfe goma kuma a tuɓe ta, kuma dole ta sami wurin shiga. Suwaita mai kauri ita kaɗai tana cin lita uku ko huɗu. Guzurin gida kuwa, irin su dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da dakuwa da soyayyar gyaɗa, ba ya cin wuri kuma ba ya lalacewa a zafi.

Tsawon baya da zaman jaka

Lambar lita ba ta faɗin ko jaka za ta zauna wa mutum. Abin da ke faɗin haka shi ne tsawon baya, wanda ba lallai ya bi tsayin mutum ba, domin dogo yana iya zama mai gajeren baya da dogayen ƙafafu. Ana aunawa ne daga ƙashin da ke tasowa a gindin wuya idan an sunkuyar da kai, wato na bakwai a jerin ƙasusuwan wuya, zuwa daidai layin saman ƙashin ƙugu, inda manyan yatsu ke nunawa idan an riƙe ƙugu. A manya awon yana faɗawa galibi tsakanin santimita 38 zuwa 56. Ƙananan jakunkuna girma ɗaya ake yi musu, amma daga wajen lita 25 zuwa sama akan sami ƙarami da matsakaici da babba, ko bayan da ake iya matsarwa.

Idan jakar ta yi daidai, ɗamarar ƙugu tana zama a kan ƙashin ƙugu ba a kan ciki ba, marataya kuma suna kwanciya a kafaɗa babu rata. Ana fara ɗaure ƙugu, sannan a ja marataya, a ƙarshe a haɗa siririn maɗaurin ƙirji ɗan ƙasa da ƙashin wuya. Ɗamara mai soso tana kwashe mafi yawan nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu da ƙafafu. Siririyar igiyar da ke jikin ƙananan jakunkuna ba ta yin wannan aiki, hana jaka reto kawai take yi. Kaya masu nauyi, musamman ruwa, ana manna su ne da baya a tsakiyar jaka. Akwai ƙirar mata mai gajeren baya da lanƙwasassun marataya.

Nauyi

Ƙa'idar da aka fi ambatawa ita ce kada jakar yini ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai goyonta, wato kilo shida ga mai kilo 60. Kiyasi ne na matafiya, kuma ana saɓani a kan ingancinsa. A bazarar Kaduna ruwa kaɗai yana iya cike wannan adadi, sai dai nauyinsa yana raguwa yayin da ake sha.

Amfani da saye a Kaduna

Wuraren da aka sani da hawa a jihar sun haɗa da Dutsen Kufena a Zariya, da duwatsun Kajuru, da tsaunukan Kagoro, da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan. Kufena na 'yan awoyi ne kuma ƙaramar jaka ta ishe shi, Kagoro kuwa yana cin yini. Matsalar tsaro ta rage zirga-zirga a wasu yankunan, musamman dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, kuma masu zuwa sukan tafi a ayari tare da ɗan gari.

Ana samun sababbin jakunkuna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na gwanjo kuma a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, inda wani lokaci akan ci karo da jakar tsauni ta ainihi a cikin tarin jakunkunan makaranta da na kwamfuta. Jakar kwamfuta shafaffiya ce, bayanta ba ya barin iska ta ratsa, aljihunan gefenta kuma ba su da zurfi. A jakar gwanjo ana duba zif daga farko har ƙarshe, da ɗinkin da ya haɗa marataya da jikin jaka, da maɓallan roba ko sun tsage, sannan a juya cikinta a ga ko rufin da ke hana ruwa shiga ya fara saɓulewa yana danƙo, domin wannan yana da wuyar gyarawa, alhali zif da ɗinki tela ko baduku yana iya gyara su. Lambar litar da ke jikin jakar da ba ta da sanannen suna ba abin dogaro ba ce. Jakar da babu kome a ciki kowa tana yi masa daɗi a baya, saboda haka masu sanin abin sukan zuba ruwan leda guda goma a ciki, wato kilo biyar, su ɗaure ɗamara, su ɗan zagaya layin kasuwar kafin a yi ciniki.