Kurmin coci: abin da yake nufi da yadda ake kare shi a Habasha

Kurmin coci shi ne ɗan dajin da ke kewaye da ginin ibada na Cocin Orthodox Tewahedo ta Habasha, wanda limamai da mabiya suka hana a sa masa gatari tun ƙarnuka da suka wuce. A tsaunukan arewacin ƙasar, musamman yankin Amhara wajen tafkin Tana da Gondar ta Kudu, bayan girbi sai ka ga gonakin tef (hatsi ne ƙanana kamar acca) sun yi fari fat, a tsakiyarsu kuma ga da'ira kore shar, rufin coci na leƙowa daga ciki. Ana ƙiyasta irin wannan kurmi ya kai 35,000 a ƙasar. Wani bai wuce hekta 3 ba, wani ya kai hekta 300.

Tushensa aƙida ce. A tsakiyar kowace coci akwai tabot, wato alamar Akwatin Alkawari, akwatin da aka ajiye allunan Dokoki Goma na Annabi Musa a ciki, kuma tsarkinsa ya shafi filin da ke kewaye. Mabiya na kallon itatuwan a matsayin suturar coci da misalin gonar Aidan, inda Littafin Farawa 2:15 ya ce an sa mutum ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Shi ya sa lokacin da noma da neman itacen girki suka cinye dajin tsaunukan, aka bar manyan itatuwan asali a nan: waɗanda a harshen Amharic ake kira tid, zigba, wanza da weira, wato zaitun daji. Ƙudan zuma da tsuntsayen da ke barbarar amfanin gona a nan suke fakewa, haka maɓuɓɓugan ruwa mai tsarki da ake kira tsebel.

Sai dai hana sara bai isa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Babban abin da ke kashe kurmin shi ne kiwo. Shanu da awaki na shiga neman inuwa, su cinye tsiro, su tattake ƙasa ta yi tauri. Tsofaffin itatuwa na nan tsaye, mai kallo ya ɗauka lafiya lau, alhali babu magaji a ƙarƙashinsu. Binciken masanin gandun daji Alemayehu Wassie ya nuna cewa irin da ke ɓoye cikin ƙasar kurmin yawanci na ciyawa ne, na itatuwa kaɗan ne. Ma'ana, in uwayen suka mutu ba tare da tsiro ya kama ba, dajin ba zai dawo da kansa ba. Ga kuma garma da ke gutsurar gefe kowace damina, har iska da rana su riƙa ratsa ciki suna busar da ƙasa.

Maganin da Wassie da masaniyar Amurka Margaret Lowman suka yaɗa tare da limamai shi ne katangar dutse. Ana tsince duwatsun daga gonakin maƙwabta, wanda ke sauƙaƙa wa manoma huɗa, a jera su ba siminti, da tsayin da saniya ba za ta haura ba. Ba a ɗora katangar dab da itatuwa; ana ja da ita baya kaɗan domin kurmin ya samu wurin faɗaɗa, abin da ke buƙatar sulhu da masu gonakin tun kafin a ɗauki dutse ɗaya. Ana barin ƙofa ga masu ibada, a tsayar da hanya guda maimakon kowa ya ratsa inda ya ga dama, a kuma gina makewayi.

Wata matsalar daga cikin gida take. Itacen turare (eucalyptus), wanda aka shigo da shi zamanin Sarki Menelik na Biyu, yana saurin girma kuma yana kawo wa coci kuɗi, don haka akwai sha'awar dasa shi. Amma yana zuƙe ruwa, ganyensa kuma na hana wasu tsirrai fitowa. Gara a dasa shi can wajen katanga, cikin kuwa a cike giɓi da dashen da aka rena daga irin uwayen da ke wurin, a sa shi ƙasa farkon damina, a bi shi da ban-ruwa a ranin farko.