Shinto da Addinin Buddha Ba Tun Asali Suke Rabe a Japan Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Shinto, addinin gargajiya na Japan, da addinin Buddha kishiyoyi ne tun fil'azal, kowanne da mabiyansa. Ba haka abin yake ba. Rabuwar da ake gani yau gwamnati ce ta yi ta a 1868.

Kafin zuwan addinin Buddha, kowace zuriya kami ɗinta take bauta wa, wato abin bautar da ke tattare da dutse, kogi ko kakanni. Babu littafi ɗaya, babu shugabanci ɗaya. A ƙarni na 6 ne Sarkin Baekje da ke Koriya ya aiko wa fadar Japan mutum-mutumin Buddha da littattafai. An yi rikici kam: gidan Soga ya karɓa, gidan Mononobe ya ƙi, har Soga suka murƙushe su a 587. Amma rabin faɗan na neman iko ne a fada.

Daga nan sai cuɗanya. Tun ƙarni na 8 ake gina ɗakunan ibadar Buddha a harabar wuraren bautar kami, limaman Buddha na yi wa kami karatu. Da ake ƙera katafaren mutum-mutumin Buddha na ɗakin ibadar Todai-ji a birnin Nara, an ɗauko wani kami mai suna Hachiman daga garin Usa na Japan a 749 ya zama mai tsaronsa. Daga baya ma aka riƙa cewa kami su ne Buddha ɗin a wata siffa.

Sama da shekara dubu ana haka, sai gwamnatin Sarki Meiji ta raba su a 1868 don ɗaukaka sarki. Aka kwashe gumaka da ƙararrawar addinin Buddha daga wuraren kami, aka rushe ɗakunan ibadar Buddha masu yawa, limamai da dama suka ajiye rigunansu.