Wa za a ci tara idan kalmar sirri ta fita? Fashin baƙin dokar kare bayanai ta 2023

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo tsakanin samarinmu masu haɗa shafukan intanet, wai duk wanda aka yi wa shafinsa kutse gwamnati za ta ci shi tarar naira miliyan 10, ko kuma a ɗaure shi. Wani ƙanena da ke kula da shafin wata makaranta mai zaman kanta ya kira ni bayan isha'i, murya na rawa, yana cewa: "Yaya, ko dai in ajiye aikin nan tun wuri?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya zo da kwamfutarsa da safe. Abin da na gani a cikinta shi ya zaunar da ni rubuta wannan, domin ya tsorata da abin da dokar ba ta faɗa ba, ya bar wanda ta faɗa.

Dokar ita ce ta kare bayanan jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, da Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta. Ta hau kan duk mai tara bayanan mutane, makaranta ce ko asibiti ko mai sayar da atamfa ta intanet, har da wanda ke riƙe musu bayanan a madadinsu. Wanda ya ajiye lambobin dangi a wayarsa don amfanin gida, ba ruwanta da shi.

Babu inda dokar ta ce wanda ɓarawo ya shigar wa ya aikata laifi saboda an shigar masa. Sashe na 39 ya ɗora wa mai riƙe bayanai nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, a fasaha da kuma tsarin aiki, gwargwadon yawan bayanan, da girman cutarwar da fitarsu za ta jawo, da kuma tsadar fasahar da ake da ita. Tambayar da hukuma za ta yi maka ita ce: me ka tanada kafin ɓarawon ya zo? Wanda ya rufe ƙofa ya sa sakata aka fasa, daban yake da wanda ya bar ta a hangame ya tafi kasuwa.

Ƙofar ƙanena a hangame take. Da ya buɗe rumbun bayanan makarantar, sai ga jerin sunayen iyayen yara, kusa da kowane suna ga kalmar sirrinsa ɓaro-ɓaro kamar yadda ya rubuta ta. Wannan ya sa sunan ɗiyarsa da shekarar haihuwarta, wancan ya sa lambar wayarsa, wasu da dama 123456. Na nuna masa allon na ce: mutanen nan, yawancinsu da wannan kalmar suke shiga imel ɗinsu da Facebook, wani ma har manhajar bankinsa. Ba sakamakon jarrabawa kaɗai kake tsaro ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ai zai sa makulli ya ɓoye su, tunda dokar ta ambaci ɓoye bayanai.

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Gaskiya ne sashe na 39 ya lissafa kulle bayanai da makullin sirri cikin matakan tsaro, kuma wannan ya dace da adireshi ko lambar NIN, abubuwan da za ka buƙaci sake karantawa. Kalmar sirri kuwa babu ranar da kake buƙatar karanta ta. Idan ka kulle ta, dole makullin ya zauna a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, domin manhaja ta yi aiki, kuma wanda ya kai ga rumbun sau da yawa yana kaiwa ga makullin. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne a niƙa ta. Gero idan ya zama gari ba ya komawa gero. Garin kaɗai kake ajiyewa. Mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a gwada garin biyu.

Injin niƙan ma ba ɗaya ba ne. MD5 da SHA-1, waɗanda har yau ake koyar da su a wasu darussan YouTube, saurinsu ne matsalarsu, domin mai kutse yana iya gwada biliyoyin kalmomi cikin ɗan lokaci. A 2012 an saki kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 na LinkedIn da aka niƙa da SHA-1 ba tare da gishiri ba, wato ɗan rubutun da ake haɗa wa kowace kalma don kada mutum biyu masu kalma ɗaya su fito da gari iri ɗaya, kuma cikin kwanaki aka warware da yawa daga cikinsu. Shi ya sa aka ƙera wasu injinan niƙan, bcrypt tun 1999 da Argon2 da ya lashe gasar masana a 2015, dukansu da gangan aka sa musu nawa. Mai haɗa shafi da harshen kwamfuta na PHP ma an riga an sauƙaƙa masa tun 2013: password_hash layi ɗaya ne, yana sa gishirin da kansa, kuma kyauta ne. Tunda dokar ta ce a duba tsadar fasaha, ban ga uzurin da mutum zai kawo ba a kan abin da ba ya cin ko sisi.

Sai ɗaya kalmar sirrin da ake mantawa da ita, ta rumbun kansa. Ta ƙanena tana cikin wani fayil a babbar jakar shafin, kuma ya taɓa ɗora aikin gaba ɗaya a GitHub, dandalin da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu, a buɗe don ya nuna wa wani mai neman ma'aikaci. Wurinta shi ne a waje da jakar da jama'a ke iya kaiwa, kuma asusun da shafin ke amfani da shi a ba shi izinin da yake buƙata kawai. Duk wadda ta taɓa fita, goge ta bai wadatar ba, a canza ta.

Ga mai ganin sai an yi kutse kafin hukuma ta motsa, ya dubi Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook. A Satumban 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 91 saboda ajiye kalmomin sirrin wasu masu amfani a fili cikin na'urorinsa na ciki, duk da kamfanin ya ce bai ga shaidar an yi amfani da su ba. Dokar Turai ce aka yi hukuncin da ita, amma sashe na 39 namu ya yi kama da nasu ƙwarai.

To batun miliyan 10 fa? Sashe na 48 ya raba mutane gida biyu. Waɗanda hukuma ta ayyana a matsayin manyan masu riƙe bayanai, iyakar tararsu naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuwa miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Wannan rufi ne, ba farashi ba. Kafin a yanke, dole hukuma ta duba girman laifin, yawan mutanen da ya shafa, ko ganganci ne ko sakaci, da irin haɗin kan da ka bayar. Ɗaurin da ake yaɗawa yana sashe na 49, bai wuce shekara ɗaya ba, kuma na wanda hukuma ta ba umarni ya ƙi bi ne, sai kotu ta same shi da laifi.

Akwai dai abin da ke damuna a lissafin. Makarantar da ke samun miliyan 20 a shekara, kashi 2 nata naira dubu 400 ne, amma saboda "duk wanda ya fi yawa" ko da ba a sa ta cikin manyan ba, rufinta ya zama miliyan 2, kashi 10 na abin da take samu. Babban kamfanin da ke samun sama da naira miliyan 500 a shekara kuwa ba zai taɓa wuce kashi 2 ba. Nauyin ya fi danne ƙarami, kuma da an sake dubawa da ya fi. Amma idan na tuna jerin kalmomin iyayen yaran nan a kan allo, ba na iya cewa a ɗauke wa ƙanana nauyin gaba ɗaya.

Idan kuma abin ya faru, sashe na 40 ya ba mai bayanan sa'o'i 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukuma, matuƙar fitar na iya cutar da mutane; idan haɗarin babba ne, su ma a faɗa musu nan take. Mai kula da shafi irin ƙanena, aikinsa shi ne ya sanar da makarantar ba tare da ɓata lokaci ba. Ɓoyewa don gudun a kore ka shi ne zai ƙara dagula maganar.

Kafin azahar ya gyara shafin shiga ya koma niƙa da bcrypt, ya canza kalmar rumbun, ya rufe aikin da ke GitHub. Saura wasiƙar da zai kai wa shugaban makarantar ranar Litinin, yana neman izinin tilasta wa duk iyayen su sake sabuwar kalmar sirri.